Furen da Kawu Lado Ya Kawo Daga Ikeja

Wata Asabar ce da la'asar, cikin daminar shekarar da motocin ƙasar nan suka bar hannun hagu suka koma tuƙi ta dama. Ina tsugune a bayan ɗakinmu a Agege ina babbake ƙafafun saniya, hayaƙi ya cika mini ido, sai ga Baba ya dawo daga mayanka, wuƙaƙensa naɗe cikin buhu a hammata. Ko buta bai nema ba, ya zaro wani kati daga aljihu ya jefo mini a cinya. Katin bikin 'yar wani Bayarabe ne mai sayen fata a wurinsa, fari ƙal, da ɗan jan fure a sama, ga shatin yatsan Baba na kitse a gefe. Ya ce, "Kai da ka ishe mu da ɓata bango, ga aiki. Irin wannan nake so a bikin yayarka, har da allo a bakin layi. In ya yi kyau na bar ka ka tafi wurin Baba Kunle." Ƙafar da ke kan wuta ta ƙone ƙurmus ban sani ba.

Baba Kunle mai buga kati ne da rubuta allunan shaguna a Iyana Ipaja. Ya taɓa iske ni ina zana motar haya ta bolekaja da gawayi a jikin katangar famfo, da kwandasta yana lilo a baya, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce in mahaifina ya yarda in zo ya koya mini aiki. Tun ranar ban da wani buri. Gidanmu kuwa gidan fawa ne tun kakanni, ɗa namiji in ya tasa wuƙa ake miƙa masa. Gidan haya muke zaune, irin mai ɗakuna suna kallon juna da dogon lungu a tsakiya, kowa da risho a ƙofarsa. Kullum kafin in tafi firamare sai na bi layin famfo na cika randa, na wanke tumbi da hanjin da Inna za ta yi farfesun sayarwa, har yara a aji suna toshe hanci in na zauna. Da yamma sa'o'ina suna gara taya a gefen layin dogo, ko suna buga ƙwallon tsumma, ni ina gefe ina yi wa motocinsu na langa-langa ado da ragowar fenti. Malaminmu na allo ma in wani zai yi sauka ni yake kira in taya shi zayyana. A lissafi ni ne kurar baya, ban musa ba. Amma hannuna ya san abin da yake yi.

To matsalar ita ce, mu ba mu san fure a biki ba. Goro da alewa ake rabawa, a aika yaro gida-gida ya faɗa da baki, shi ke nan. Kati sabon yayi ne da ya zo da kuɗin mai, kowa yana so a ce ya waye. Na fita neman fure a Agege, garin da ba kowa ke da wurin shanya ba balle lambu. A bayan gida wata tsohuwa ta shuka kuɓewa, na zauna gabanta na zana furenta yadda Allah Ya yi shi, ruwan ɗorawa mai haske da duhun ja a tsakiya, ganye biyu suna rungume da haruffan farko na sunan Yaya Asabe da na angonta Musa, wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Ebute Metta. Har yau ina cewa ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba.

Da na kai tsakar gida, sai kowa ya zama gwani. Inna ta duba ta ce, "Miya za mu aurar?" Gwaggo ta kwance bakin zane ta fito da furen tabar da take goge haƙora, wai in ana maganar fure ga fure. Ita amaryar cewa ta yi irin na jikin kwanukan samirar da aka saya mata take so. Wani Buzu mai gadi da ke ɗakin ƙarshe, wanda ba wanda ya tambaye shi, ya ce a sa takobi. Baba kuma ya ce ko za a ɗan saka kan bijimi a tsakiya, don mutane su san gidan wa za su. Kan bijimi, a cikin fure! Na zana na goge, na zana na goge, har takardun littafin makarantata suka ƙare na koma bayan kwalin sukari. Mutanen da ko layi miƙaƙƙe ba za su iya ja ba, su ne masu cewa wannan ganyen ya karkace.

Ana cikin haka Kawu Lado ya iso. Yayan Inna ne, mai gadi a gidan wani Bature a Ikeja, kuma tunda yake buɗe wa Bature ƙofa ya ɗauka rabin Ingila a aljihunsa take. Ya kalli zanena da gefen ido ya ce ƙauyanci ne. Kwana kaɗan sai ga shi da wani abu lulluɓe da tsohuwar jarida, ya riƙo shi sama-sama tun daga tasha. Ya buɗe a kan tabarma: wani zagayayyen gammo ne babba na fararen furanni, sun fara yaushi, da baƙin ƙyalle ɗaure a ƙasa. Wai ragowar wani babban taro ne da ogansa ya je, aka manta shi a gareji. Ya ce da idonsa ya ga taron, motoci a jere suna tafiya a hankali, kowa da baƙar kwat, ba mai ko murmushi saboda tsabar natsuwa. "Wannan shi ne furen manya," in ji shi. Matan gida suka yi ta shafawa suna sansanawa. Mu da muke kai mamacinmu a makara cikin likkafani mu dawo, ina muka san wani abu wai shi furen jana'iza?

Aka ce shi zan zana, har da baƙin ƙyallen. Na zana, kuma tunda hannuna bai iya aikin banza ba, ya fita tsaf. Ni da Kawu muka kai wa Baba Kunle. Yana gani ya cire tabarau ya tambaya da Yarabanci wa ya rasu. Ni haihuwar Legas ne, na ji shi sarai. Ya maimaita wa Kawu da Turancin kasuwa, dalla-dalla, cewa wannan a kan akwatin gawa ake ɗora shi. Kawu ya gyara hula ya ce masa, "Kai ka taɓa shiga gidan Bature? Buga mana kawai." Baba Kunle ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Mai kaya ya ce a buga.

Da muka dawo na sami Baba shi kaɗai yana wasa wuƙa, na durƙusa na faɗa masa duk abin da na ji. Ya tsaya da wasan, na ga alamar maganar ta shige shi. Amma Kawu Lado yayan matarsa ne, shi ya ba shi aurenta, gabansa ko abinci Baba ba ya ci da kyau don kunya. A ce ya je ya ce masa abin da ka ɗauko tun daga Ikeja ba shi da kyau, a kan maganar yaro da wani Bayarabe? Ya ci gaba da wasa wuƙarsa ya ce, "Babba ya yi magana. Tashi ka ba ni wuri." Na je wa Inna, ta ce in na sake aibata ɗan'uwanta sai ta fasa mini baki. Haka na zauna na shafe katako da farin fenti, na zana gammon nan ƙato, sunan Asabe a tsakiya, da kibiya mai nuna gidanmu, ina yi ina haɗiye baƙin ciki. Aka raba kati har wa masu sayen nama, aka kafa allo a bakin layi ranar da aka sa amarya a lalle.

Ko azahar ba a yi ba. Mata sun cika lungu ana guɗa, Yaya Asabe tana zaune ƙafafunta ɗaure cikin lalle, sai muka ji kururuwa daga waje. Iya Bose ce, mai dafa abinci a bakin tasha, wadda kullum a wurin Baba take sayen nama, kuma ta san Asabe tun tana rarrafe. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wannan furen, an kuma karanta mata sunan. Ta shigo da zugar mata, ɗankwali ɗaure a ƙugu, hannu a ka, ta faɗi tana birgima tana kiran sunan Asabe. Ta ɗago ke nan suka haɗa ido da mamaciyar, baki cike da ƙosai. Guɗa ta tsaya cak. Gwaggo ta fara salati tana cewa mugun fata ne, an yi wa yarinya kukan mutuwa ranar lallenta. Yaya Asabe ta fashe da kuka, ta tashi da gudu, lallen ya dame. Kafin la'asar dangin ango sun turo mutum daga Ebute Metta a ji ko lafiya.

Baba ya fita da kansa ya tumɓuke allon, ya faskara shi aka tura ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Kawu Lado yana zaune kan kujera yana cin goro, ya ce a gaban kowa, "Yaron ne bai iya ba. Na Baturen ya fi wannan fara'a." Na dubi Baba. Ya san gaskiya, ni na faɗa masa da bakina. Ya kawar da kai.

An ɗaura aure lafiya. Bayan biki Baba Kunle ya tako har gida, ya ce laifin ba na yaro ba ne, hasali ma aikin ne ya yi kyau har aka gane shi daga nesa, a ba shi ni. Baba ya ba shi goro, ya yi masa godiya, ya ce hannun da ya jawo masa makoki ranar biki wuƙa ta fi dacewa da shi. Amincewa da Baba Kunle daidai take da cewa Kawu ne ya yi kuskure, wannan kuwa ba za a faɗa ba a gidanmu. Ƙarshen shekarar aka cire ni daga makaranta, na bi Baba mayanka.

Yaya Asabe tana nan da jikokinta, duk bikin da aka taru sai ta ba da labarin Iya Bose, a yi ta dariya har da hawaye. Ni ba na dariya, sai a ce na cika riƙo. Yanzu duk lungun Agege akwai yaro da na'ura a shago, ya latsa nan ya latsa can, furanni su fito kala-kala, waɗanda shi kansa bai taɓa gani a ƙasa ba, a buga a kati da ƙyalle da jikin robar ruwa, ba wanda ya tambayi kawun kowa. Nakan tsaya a ƙofarsu in ɗan duba, in ga inda ganye ya yi wa harafi nauyi, in wuce abina. A kara, kasuwar dabbobi, in an sayi shanu akan sa musu alamar mai su da fenti a gadon baya, kuma tun ina saurayi ni ake kira. Nakan natsu in ja layin ya fita sosai, ko da yake na san kafin hantsi an feɗe fatar. Iyakar zanen da aka bar mini ke nan.