Muryar Kaka Daga Bayan Duwatsu

A gidanmu na unguwar Wuro Patuji a Mubi, lokacin ina ƙarama, in aka gama cin tuwo Kaka ba ta bari a kashe wutar murhu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta ta kasuwa ce, takan ce wa mace "shi", in labari ya yi zafi ta koma yaren Gude, amma ba mu taɓa kasa gane ta ba. A zamanin babu waya a unguwarmu. In kana da saƙo zuwa garin Uba, sai ka je tasha ka roƙi direba, ka dawo kana addu'a kada ya manta.

"Ku matso da kunne," haka take farawa, "ga ta ta iso."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wata ya da ƙanwarta da mayo, wato kogi, ya raba, kowacce tana aure a gaɓarta. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika, ba mai hayewa. Yayar ta riƙa aiken hankaka da gaisuwa da ƙullin gero. Shi kuwa sai ya sauka kan tsamiya ya cinye geron, ya dawo ya ce, "Tana lafiya, tana gaishe ki." Alhali ƙanwar tana kwance da zazzaɓi. Ranar da hankalin yayar ya ƙi kwanciya, ta hau dutse ta ƙwala kiran sunanta. Amsa ta zo siririya, da ƙyar. Nan take ta gane. Ta nemo masu iyo suka haye da ita, ta yi jinyar ƙanwarta har ta tashi.

"Ɗan aike zai ce lafiya," in ji Kaka, tana ɓare gyaɗa. "Amma in kin ji mutum da kunnenki, ba zai iya ɓoye miki ba."

Da wayar hannu ta shigo Mubi, Kawu Bitrus, ɗanta na fari, ya saya mata. Ta jefa ta cikin kwando, ta ce ba ta magana da wanda ba ta gani.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka shigo garin, kowa ya bi inda ƙafa ta kai shi. Ni da yarana muka faɗa Yola. Kaka kuwa aka ce tana cikin masu hawan duwatsu zuwa Kamaru, ga ciwon gwiwa. Layukan Mubi duk sun mutu. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Tana nan lafiya." In na ce wa ya gan ta da idonsa, sai a ce labari aka ji.

Wata safiya ina wanki, baƙuwar lamba ta shigo. Talatu ce, maƙwabciyarmu da suka gudu tare da Kaka. Ta haddace lambata, ta ari waya a ƙauyen da suka sauka. Sai ta miƙa wa Kaka.

"Rahila, ni ne. Ƙafa ya kumbura, amma ina cin abinci. Yara fa?"

Na ji gajiya a muryarta, na ji tari, amma na ji tsiwarta tana nan. Na zauna a ƙasa, kumfa a hannuna, ina kuka.

"Wayar aro ne fa," ta ce. "Ki yi magana, kuka kuma sai mun haɗu."

Da sunan ƙauyen a hannu, Kawu ya bi ta ya ɗauko ta.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan ha'incin hankaka ce. Sai da na girma na ga kan yayar ce, wadda ta ƙi zama da "lafiya" ta bakin wani. Shi ya sa har yau, in na yi kewar mutum, ba na tura rubutu, kira nake yi.

Bayan gari ya lafa Kaka ta koma gida, mu muka zauna a Yola. Yanzu ita ke kira, kowace Lahadi bayan coci, in buɗe muryar yara su kewaye wayar ta yi musu tatsuniya. Rannan autana ya katse ta, ya ce, "Kaka, ta ina kika shiga ciki?"

"Ka bari in gama wannan," ta ce, "shi ma labari ne mai tsawo."