Sunan da Ke Jikin Injin Garka

A shekarun da darajar iraniyom ta faɗi aka yi ta sallamar ma'aikata, ni ne mai riƙon takardun ɗakin ajiyar kayan gyara na kamfanin haƙar ma'adinai a Akokan. Iyalina na mayar da su Maradi tun kafin tawaye ya sa hanya ta daina biyuwa sai da rakiyar soja. Abokan aikina uku aka sallama rana ɗaya, biro, wato ofishinmu, ya rage daga ni sai keken rubutu.

Ingilishi a lekol, wato makarantar boko, na koye shi, kuma na riƙe ƙa'idarsa da kyau. Sunan mutum, da na gari, da na kamfanin da ya ƙera abu, da babban baƙi ake fara su. Sunan abu gama-gari kuwa, kamar famfo ko taya, da ƙarami. Takardar da ta karya wannan ƙa'ida ba ta taɓa wuce teburina ba, domin a ganina raina suna raina mai shi ne.

Wata Asabar da hantsi wani dattijo Ba'abzine ya yi sallama a ƙofata. Fari ya cinye masa awaki da raƙuma, ya koma noman albasa da tumatir a wata garka, wato lambu, a bayan gari. Injin ban-ruwansa ya tsaya, makanike ya ce wani ƙarfe ne ya ci a ciki, kuma sai Kano ake samun irinsa. Wani direba ya yarda ya kai wasiƙa ga dillalan can, waɗanda da Ingilishi suke aiki.

"Mushe, an ce kai kana jin bakin Ingila," in ji shi, domin Mushe ake kiran ɗan boko a can, daga Faransanci. "Rijiya tana nan, ruwa yana nan, hannu ne ya gaji."

"Baba, wane irin inji ne?"

Ya faɗi sunan wani sanannen kamfani.

"Ka tabbata?"

"Haba Mushe! Kai ka sha takarda, ni na sha hayaƙinsa shekara uku."

Na buga wasiƙar, na ba sunan kamfanin babban baƙinsa, na adana kwafi. Ya miƙo mini albasa cikin gefen rawani, na ce ba na karɓar lada a kan wasiƙa. Ya tsaya jim kamar mai son a ce ya zauna, ni kuwa ban ce ba.

Makonni shida yana ja da guga kafin ayarin motoci ya iso. Ƙarfen ya zo, ya ƙi shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai da dillalan Kano, na ɗauki kwafina na nufi garkar domin in nuna wa kowa cewa babu kuskure a rubutuna. Da na goge baƙin mai daga jikin injin, sai na ga wani suna dabam, wanda ban taɓa ji ba.

Makaniken, wanda na tarar a wurin, ya yi dariya. "Mushe, ai nan kowane injin ruwa haka muke kiransa, ko na wace ƙasa ne. Ko tsohuwata ta sani!"

Dillalan ba su yi laifi ba. Abin da na rubuta shi suka aiko. Tsakanin gidana da garkar tafiyar rabin sa'a ce, kuma a makonnin nan babu wanda ke jirana a gida, amma ban taɓa zuwa na duba ba.

Nan take na kwafe suna da lambar da ke jikin injin, na buga wasiƙa ta biyu. A lokacin fangali uku kaɗai dattijon ke iya shayarwa, sauran sun ƙone. Bai zarge ni ba, ya dai ce, "Allah ya kawo shi da wuri."

Bazara ta riga ayarin isowa. Ni da kaina na kai sabon ƙarfen, na tarar da fangulan sun tsage, an lulluɓe injin da tsohon buhu. Maƙwabcinsa ya ce dattijon ya bi 'yan'uwansa arewa tun kwana goma. Ya karɓi ƙarfen, ya tura shi ƙarƙashin buhun, ya ce idan ya dawo zai gani.