Alkukin da Na Yi wa Telen Alhaji

Ni magini ne, kuma abin da aka fara koya mini a Damagaram shi ne kada a bar kafa. In ka dasa ƙofa har yatsa ya shiga tsakaninta da bango, ka ji kunya. Da wannan ilimi na zo Tamanrasset, da shi kuma na yi wa wani Alhaji ɗan Maraɗi aiki a gidansa na unguwar Sersouf, shekarar da ya sayo tele mai faɗin nan da ake kira falasma.

Alhaji ya riga ya yi mini alkawarin ginin bene a kan gidan. Da wannan aiki nake sa ran ɗauko iyalina daga gida. Kafin a fara, ya ce in yi wa telen mazauni a ɗakin baƙi, don ba ya son ta rataye kamar faranti. Na ce a yi mata alkuki, irin ramin da ake yi wa fitila a jikin bango, sai dai babba. Na auna, na sassaƙe, na shafe da siminti, ta shige cif, ko takarda ba za ta wuce ba. Na yi girman kai ranar, ba zan ɓoye ba.

Lokacin sanyi ne. Baƙi in sun shigo da safe sai su kai tafin hannu kusa da gilashin suna shan ɗumi. Alhaji ya riƙa cewa, “Kun gani? Tele da murhu a haɗe. Ni na ce a shigar da ita bango.” Na ji, na yi shiru.

Da zafi ya shigo sai ta fara mutuwa da kanta, galibi bayan azahar. Bangon da ke kewaye da ita ba ya taɓuwa. Kowa da tasa maganar. Maƙwabci ya ce wutar unguwar ce ke hawa da sauka. Hajiya ta aiko daga cikin gida cewa bakin mutane ne, an cika yabonta. Ni kuma na jiƙa buhu na rataya a samanta, yadda muke yi wa jarkar ruwa. Ba ta daina ba.

Aka kira mai gyara, wani Buzu ɗan Agadas. Ɗakin cike da abokan kasuwancin Alhaji, ana shan shayi. Ya taɓa bangon ya janye hannu.

“Wa ya binne ta?” in ji shi. “Abar nan ta baya take numfashi. Ƙila da laifin wuta ma, ban rantse ba. Amma ku tono ta tukuna.”

Aka yi dariya. Ni ko bakina ya riga hankalina.

“Alhaji, laifina ne. Ni na kawo shawarar alkukin. Ka bari in rushe shi yau.”

Alhaji ya ajiye kofinsa. “Kai ka kawo shawarar?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

Wani daga cikin abokan ya ce, “Ashe ba kai ne injiniyan ba, Alhaji.” Suka sake dariya. Alhaji bai yi ba.

Aka fito da telen aka ɗora a tebur. Na ji labarin ta rage mutuwa, amma ba ta daina gaba ɗaya ba, don haka ban san rabon bangon da na wutar a cikin laifin ba.

Ginin benen wani magini aka ba. Na je shagon Alhaji na yadi na tambaye shi ko don telen ne. Ya ce, “Wace tele?” ya ci gaba da auna wa wata mata yadi.

Har yau na kasa rarrabewa. Ko don na gina ne, ko don na faɗa, ko don na faɗa gaban mutane. In gaskiya ce laifin, to ai da na yi shiru tun farko, yana cewa shawararsa ce, nan ma ban kyauta ba. Iyalina dai ba su zo shekarar ba. Na hau mota zuwa ƙauyen Tahifet, inda ake neman mai gyara katangun lambu.