Ranar da Na Fara Kiran Sunansa

Akwai abin da ko zan yi shekara ɗari a duniya ba zai goge a zuciyata ba. Na yi jikoki, furfura ta cinye mini kai, na manta sunayen rabin ƙawayena na makaranta, amma kwana ukun nan da na yi a Argungu da ɗana na fari suna nan daram kamar jiya aka yi su.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a ba mu tamu jihar ba tukuna. Muna zaune a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, maigidana yana aiki a ma'aikatar gona. Da aka tura shi kwas Sakkwato na wata biyu, sai ya ce in koma gidan iyayensa a Argungu kafin ya dawo. Yaron yana da wata bakwai, ƙato da shi, ga dariya, ya fara koyon zama yana tuntsurewa.

Sai na faɗi yadda muke a lokacin, don 'yan yanzu ba za su gane ba. Ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka sai an yi ta yi maka magana kafin ka ɗauke shi, kana ɗaure fuska kamar an sa ka aikin dole. Nawa kuma kunyar biyu ce, domin sunan mahaifin mijina aka sa masa. Ni "yaron nan" nake cewa. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ma ba ta iya faɗin sunan, tunda na mijinta ne, sai ta riƙa ce masa "angona".

Kuma ni na ƙware a wannan kunyar, har ina jin daɗin kaina. Matan gidan kan ce, "Ku dubi ɗiyar mutane, ta yi boko amma ba ta zubda kara ba. Ko kallo nai ba ta yi." In na ji haka sai in sunkuyar da kai, a ciki kuwa kaina ya kumbura. Yabon nan shi ya ci ni.

Inna ba muguwa ba ce, kada wani ya karanta wannan ya zage ta. Ƙaramar tsohuwa ce mai barkwanci, tana ƙyafe kifi tana sayarwa a cikin gida. Tun ranar da muka sauka ta karɓe yaron, a ɗakinta yake wuni, a ɗakinta yake kwana, sai in zai sha nono ta miƙo mini shi tana tsokana: "Amshi, ba angona abinci nai, kishiya marar tausai."

Ana cikin yankan shinkafa, maza duk sun tare a fadama, zawo ya kama yaron. Ranar farko Inna ta sa yatsa ta taɓa dasashinsa ta yi dariya.

"Haƙora na. Dut ɗiyan da nih haihwa haka sunka yi. A rage mai ruwa, cikin shi tsaya."

Ga inda ba ni da mafaka. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni ba a duhu nake ba. Na yi firamare har na gama. Ina zuwa awo a Birnin Kebbi, kuma a gabana malamar asibiti ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana nuna mana: ruwa mai tsabta kwalbar lemo biyu, sukari ƙwaya biyar, gishiri ƙaramin cokali a shafe. Ta ce mai zawo ruwa yake nema, ba a hana shi. Ta kuma dafa tsakiyar kan wani jariri ta ce duk ranar da muka ga maɗiga ta lotsa, kada mu tsaya neman mayafi, mu kama hanyar asibiti. Har waƙar abin mun rera muna tafi. Duk wannan yana kaina lokacin da Inna take magana, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Inna."

Rana ta biyu ya daina dariya. Ina tsakar gida ina tsintar tsakuwa a shinkafa, ina ƙirga sau nawa Inna ta fito da zanen goyo ta wanke. Da hantsi ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta ta bar shi yana barci. Na yi wuf na shiga ɗakina kamar ɓarauniya, na haɗa ruwan nan, na ɗauko shi na ɗora a cinya. Yadda yaron nan ya cafke cokalin da bakinsa, har yau ina ganinsa a idona. Bai fi cokali shida ya sha ba na ji sallamarta a zaure. Na tura kwalbar ƙarƙashin gado, na mayar da shi shimfiɗarsa, na koma kan shinkafata. Ɗana yana mini kallon ƙishi, ni kuma abin da ya dame ni kada a ce an kama ni ina rawar jiki a kan ɗan fari.

Da la'asar ta kawo shi shan nono, ya ɗan ja ya saki. Na shafa kansa da wayo, na ji maɗigarsa ta faɗa kamar an danna ƙullu da babban yatsa. Inna ma ta gani. Ta kwaɓa wani garin magani da man shanu ta shafe wurin, ta ce zai ɗago da ita. Ta dube ni ta ce, "Ko kin ga wani abu, ɗiyata?"

Ƙofa ce ta buɗe mini, wallahi har ƙasa. Na ce, "A'a, Inna, ku kuka sani."

Na sha juya wannan amsar a raina shekara da shekaru. Kalma biyar ce. Da na ce "mu tafi asibiti", uku ce ma.

Da safiyar rana ta uku aka miƙo mini shi, ya ƙi kama nonon sam. Idanunsa sun zurma, yana buɗe baki yana kuka amma babu murya, babu hawaye. Na ja fatar cikinsa ta tsaya a tattare ba ta koma ba. A nan kunyar ta sake ni, bayan ta gama aikinta. Na miƙe tsaye a tsakar gida, gaban matan gidan duka, na ce da ƙarfi, "Inna, yaron nan ruwan jikinsa ya ƙare. An ce mana in maɗiga ta faɗa a kai asibiti. Mutuwa zai yi."

Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce na yi rashin ta-ido. Da ma hakan ta yi, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. Sai kawai ta saki kwaryar da ke hannunta.

"Kin sani? Tun yaushe kinka sani?"

"Tun shekaranjiya."

"Wayyo ni! To don mi ba ki hwaɗi ba? Ni ina ta kallon hukkarki, nic ce wagga da tay yi boko tana zuwa ga likita, in da abin tsoro na da ta yi magana. Hankalinki kwance nig gani, nawa yak kwanta."

Ashe kwana biyu ni ina jiran ta, ita tana jiran ni. Ni ina ɓoye tsorona don kada a ce ba ni da kunya, ita kuma tana karanta fuskar da na ɗaure tana samun natsuwa. Ƙaryar da na iya yi da fuska ita ta yaudari tsohuwar nan.

Ban jira an goya wa Inna shi ba, na saɓa abina a kafaɗa, ko takalmi ban tsaya nema ba. Abin takaicin, asibitin ba wani nisa gare shi ba. Da a ce an ɗora tukunyar shinkafa muka fita, kafin ta tsotse mun isa. Inna tana bayana tana haki tana salati.

A bakin taga wani ma'aikaci ya jawo kati ya ɗaga alƙalami. "Sunan yaro?"

Muka yi tsaye. Na dubi Inna, ta dube ni. Ita sunan mijinta ne, shekara arba'in bai taɓa fita daga bakinta ba. Ni sunan surukina ne kuma na ɗan fari. Mata biyu manya, yaro yana mutuwa a hannunsu, sun kasa faɗin sunansa. Mutumin ya buga alƙalami a tebur ya ce, "Ba ku san sunan ɗanku ba?"

Sai na faɗa. Wannan ne karon farko da sunan ya fito daga bakina tun ranar da aka raɗa shi. Na ji shi baƙo a harshena, kuma mai daɗi. Wata bakwai ina da wannan sunan a gida ban taɓa ɗanɗana shi ba, sai ga shi na fara ba wa wani baƙo ta taga. Mai sunan kuwa kansa yana lilo a kafaɗata, ban sani ba ko ya ji.

Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, a ƙafa ba su samu ba, sai da suka aske gefen kansa suka sa ƙarin ruwan a nan. Wata malama tana goge man shanun da ke maɗigar ta tambaye ni, ba da faɗa ba, "Ke ba ki zuwa awo ne?" Na ce ina zuwa. Ta dube ni kawai ta ci gaba da aikinta. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na zauna gefen gadon na riƙe ƙafarsa ina ta kiran sunansa, ina ramuwar wata bakwai. Ana kiran sallar la'asar ya cika.

Kada a ce ban yarda da ƙaddara ba. Na yarda, kwanansa ne ya ƙare. Amma Wanda ya rubuta kwanan shi ne ya ba ni sani ya ba ni baki, kuma zai tambaye ni abin da na yi da su.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zaman gaisuwa. Ba a kukan ɗan fari a bainar jama'a, ni kuma hawayen ma sun ƙafe. Ina zaune a ƙuryar ɗaki na ji wata tsohuwa a waje tana cewa, "Kai, yarinyar ga akwai kunya. Ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Haka ɗiyan mutunci su ka yi." Yabon da na saba jin daɗinsa ne, kalma bai canza ba, amma ranar ji na yi kamar ana zuba mini garwashi a kunne. Inna ce ta daka mata tsawa daga ƙofar ɗaki: "Ki yi muna shiru! Kunyar ga ita tac ci angona."

Da nake haɗa kayana zan koma Birnin Kebbi, na leƙa ƙarƙashin gado na ga kwalbar nan, cike, cokalin yana gefenta tururuwa sun yanyame shi. A nan na yi kukana. Inna ta shigo ta ga kwalbar, ta gane, ta zauna a ƙasa muka yi tare. Maigidana da ya dawo ban ɓoye masa ba. Ya ce Allah ya jiƙansa, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ban san ko yafiya ce ko wani abu ba.

Allah ya ba ni shida bayansa, duk sun rayu. Kowannensu in ya yi zawo sau biyu, unguwa sai ta ji muryata. An ce na zama marar kara, na ce na gode. Da 'yata ta haifi nata na fari, na ga tana kawar da kai yana kuka don surukanta suna wurin, na ɗauke shi na dangwara mata a cinya na ce ta kira sunansa yanzu in ji. Suka yi ta dariya, suna cewa tsohuwa ta rikice.

Kunya ado ce, ban musa ba, kuma har gobe ina son yaro mai ita. Amma na koyi cewa ranar da rai yake hannunka, shirun da za a yabe ka a kansa ba tarbiyya ba ne, son kai ne ya yafa mayafi. In kin san abu, ki faɗa, ko a gaban wa. Masu yabon nan duk sun watse kafin magariba, kowa ta koma ta tarar da 'ya'yanta. Ni aka bari da suna mai kyau, da sunan da babu mai amsawa.