Tuwon Toka

A Kona, da an gama cin tuwo sai kakarmu Hajjo ta tara mu bakin murhu. Mafaɗaciya ce, Allah ya jiƙanta. Ba ta cin tuwo sai a baƙin akushi; ka kawo mata a farin kwano, ta ture ta ce wofi aka ba ta. Mun ɗauka fitinar tsufa ce, har kwaikwayonta muke yi a bayan ɗaki.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata Dije ce. Dije ba makauniya ba ce, baƙar akuya a kan farin rairayi sarai take ganinta, amma abu biyu masu launi kusa da juna sai su haɗe mata. Kunya ta hana ta faɗa. Ranar da surukanta suka zo, ta ɗebo toka a ƙwarya tana zaton garin gero ne, ta tuƙa musu. Mu yi ta ƙyaƙyatawa, Hajjo ko murmushi.

"Ku yi ta dariya, ƴan banza," in ji ta. "Da ta ce ma maƙwabciya, 'duba mani wanga,' mi za shi rage ta?"

Yanzu ina aikin jinya a Tasawa. Shekara biyu na yi ina ɓoye abin da likitan ido ya gaya mini: ciwon gado ne can cikin ido, fari ya riƙa ɓacewa cikin fari, magariba ta zo maka da wuri, kuma tabarau ba ya gyara shi. Tsorona kada a raba ni da aikin da nake ciyar da ƴaƴana da shi.

Rannan ƙwayoyin magani biyu farare suka ɓace mini a kan farin faranti. Ina ta lalube da yatsa, ga uwa rungume da ɗanta mai zazzaɓi tana jira. Na samo su, amma ban san wacce ce tasa ba.

Na ajiye farantin, na nufi wajen shugabanmu, wanda muke kira Majo.

"Majo, idona ba shi rarrabe hwari da hwari. Ku ɗauke ni daga ba da magani."

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Aka mayar da ni wajen karɓar marasa lafiya. Na yi kuka a hanyar gida, rabi baƙin ciki, rabi sauƙi. Sai a lokacin na gane abin da ya hana Hajjo cin tuwo a farin kwano. Ashe ta san a cikinmu akwai mai gadon idonta, kuma ba ta da maganin da za ta bar mana. Sai ta yarda mu yi mata dariya, don kada wata rana mu yi shiru.