Mai Jan Fenti da Mai Shuɗi

Mu tagwaye ne. Shi ya fara zuwa duniya, ni na biyo shi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san sunayen da aka raɗa mana ba sai na faɗa ba. A gidanmu na Gumel, Inna tana da doka a kanmu wadda ko Baba bai isa ya taka ba: ba a saya wa ɗaya abu a bar ɗaya. Hula biyu, takalmi iri ɗaya, yadi daga bandir guda. Idan na mutum biyu bai samu ba, sai a haƙura gaba ɗaya. Takan ce ran tagwaye ba ya son bambanci.

Baba dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari. Wata Alhamis, lokacin mun shiga sakandare, ya ga wani abin wasa a shimfiɗar wani ɗan Damagaram mai kayan gwanjo. Ya ce wa mutumin ba zai iya shiga gida da guda ɗaya ba. Mutumin ya zazzage buhunsa ya samo na biyu, ya ɗora masa da wata baƙar waya mai kai biyu a matsayin gyara. Haka gem ya shigo gidanmu.

Abu ne mai ruwan toka, cikin tafin hannu biyu, da 'yar fuska kalar miyar kuka da ruwa ya yi wa yawa. Ba ya haske da kansa, sai ka nemi inda rana ke faɗowa ka karkata shi. Rubutun bayansa na Faransanci ne, ba mu taɓa sanin abin da ya ce ba. Wasan ciki guda ne: tubala suna faɗowa daga sama, kana juya su kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Da yake iri ɗaya ne sak, a daren farko muka yi faɗa a kan wanne ne na wa. Washegari Baba ya ɗauko fentin da yake sa wa raguna alama a kasuwar kara, ya ɗiga ja a bayan na ɗan'uwana, shuɗi a bayan nawa. Daga ranar babu wanda ya ƙara taɓa na wani.

Wayar nan mai kai biyu, wadda Inna ke kira igiya, ita ce daɗin abin. Idan aka haɗa gem biyun da ita, layukan da ka share sai su ɓullo wa ɗan'uwanka ta ƙasa, su tura tarinsa sama. Wanda tarinsa ya fara taɓa rufi ya faɗi. Igiyar gajera ce, dole mu zauna gwiwa na gugar gwiwa a bakin zaure. Shi mai sauri ne, ni mai lissafi. Duk sanda ya turo mini kaya sai ya bugi gwiwata da tasa ya ce, "Karɓi sadaka, ɗan baya." Ni kuma in ce masa sarkin gaggawa, wanda ko haihuwa bai iya jiran mutane ba. Ya fi ni cin wasa, ba na musu. Batir in ya mutu mu shanya shi a kan katanga, mu ciccije shi, ya ɗan farfaɗo.

Muka girma ba mu daina ba. Na zama tela a nan Gumel, shi ya koma Gagarawa yana sayen riɗi da wake, ya yi iyali a can. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zo gaida Inna, ya ci tuwonta, sannan mu fito bakin zaure. Gem biyun suna aljihun teburin keken ɗinkina, tunda ɗaya ba ya daɗi sai da ɗaya. Mutane sun yi dariyar har sun gaji. Magidanta biyu da furfura a gemu, kai a sunkuye, suna zagin juna a hankali.

Da wata damina ya kwanta da zazzaɓi. Bai daɗe ba. Ni na sa shi a kabari, ni na kwance ɗaurin likkafanin ta wajen kai, na ga fuskata. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan game da wannan.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta sa aka tattara tufafinsa aka bayar sadaka. Sai kuma ta aiko a karɓi nawa, duk wanda muka ɗinka iri ɗaya. Na san dalili. Tsofaffi suna cewa ɗan tagwayen da ya tafi yakan kira wanda ya bari, don haka a raba mai rai da duk abin da ya haɗa su. Ban yarda da wannan ba, ajali na Allah ne. Amma na buɗe akwati na miƙa, har da rigar sallar da ni na ɗinka mana da hannuna. 

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, ƙafata ta kai ni wurin keke. Na ɗauko gem biyun, na zauna a bakin zaure, na haɗa igiyar. Na kunna nasa na ajiye a kan tabarma inda yake zama, na riƙe nawa. Tubalansa suka yi ta faɗowa a tsakiya babu mai juya su, ɗaya kan ɗaya, har suka taɓa rufi. Abin ya nuna ni na ci. Na kashe, na sake kunnawa. Daga nan ya zama mini aikin kowace Juma'a. Ba kuka nake yi ba, zama kawai nake yi a lokacin da muka saba zama.

Kiɗan gem ɗin siriri ne, amma yana ratsa soro ya shiga tsakar gida. Inna ta ji. Ba ta yi mini magana ba, Yaya ta kira, babban wanmu.

Ba a jima ba ɗan Yaya ya same ni a shago. Saurayi ne mai hankali, yana da gidan gem kusa da tasha, da sola da manyan talabijin, inda samari ke buga ƙwallo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, wasanku ya dawo fa." Ya yi mini bayani cewa masu sabuwar na'urar da ya sayo sun kwaso tsofaffin wasannin hannu sun zuba a ciki. Ana biyan kuɗin wata kamar yadda ake biya wa dish, sai su buɗe maka su duka, har da na tubala. Ya ce in riƙa zuwa duk sanda na so, ba zai karɓi komai ba. Su kuma tsofaffin biyu in kawo ya sa su a gilashi, yara su ga abin da iyayensu suka yi wasa da shi. Da ya zo kan batun gilashin sai ya kasa kallona, na gane ba shi ya shirya maganar ba.

Na je da hantsi, kafin samari su cika wurin. Ya miƙo mini abin dannawa mai laushi, ya kunna. Gaskiya wasan ne, babu abin da aka canza. Kiɗan da ya tashi daga manyan lasifikoki sai da na dafa benci. Fuskar nan da muke karkatawa muna neman rana, ga ta ta cika bango tana haske da kanta. Ya nuna mini wani madanni, ya ce in na yi kuskure in danna, wasan zai koma baya in gyara. Na ce masa a namu in tubali ya zauna ya zauna.

Sai ya ce akwai abin da ya fi wannan. Yana da aboki a Sule Tankarkar mai irin na'urar, za su haɗu ta intanet, in kara da shi ba sai da igiya ba. Ya kira shi a waya, suka haɗa. Na fara jerawa. Can sai ga layuka sun ɓullo mini ta ƙasa, tarina ya yi sama. Na tsaya ina jiran a bugi gwiwata. Yaron can ya iya wasa, Allah Ya yi masa albarka, amma ban san fuskarsa ba, bai san ni ɗan baya ba ne. Na ajiye abin a kan benci, na bar tubalan suka cika.

Na tambayi ɗan Yaya me ke faruwa in wata ya ƙare ba a biya ba. Ya ce sai su rufe. Na tambaye shi in masu abin suka ga dama suka cire wasan fa. Ya ce to, nasu ne. Na yi masa godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Abin da ya kawo abu ne mai kyau, yaran da ba su taɓa ganin wasan ba za su gan shi. Na ce masa amma gilashinsa ya nemi abin da zai sa a ciki.

Da la'asar Yaya ya zo da kansa. Ya fara da cewa girma ya kama ni, mutane suna wucewa suna ganina ina wasa da wanda ba ya nan. Na ce sun gan ni ina yi da shi yana nan, ba su hana ba. Ya ce mai jan fentin kayan marayu ne. Na ce na riga na je Gagarawa na tambayi uwarsu da babbansu, sun ce in riƙe. Sannan ya faɗi gaskiya: Inna ba ta barci. Ya ce in ba zan bayar da gem ɗin ba, in ba da igiyar kawai a jefa a rijiyar da aka daina sha, hankalinta ya kwanta.

Na ɗauki duka ukun na shiga wurinta. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Na durƙusa na ajiye su a gabanta. Tunda nake ban taɓa mayar mata da magana ba.

Na ce, "Inna, kin ce a ba da riguna, na bayar. Wannan ba zan bayar ba. Ke kika ce ba a raba mana abu."

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na binne ɗaya. Ba zan zauna ina ji ana jan ɗayan ba."

Na ce mata babu mai ja na. Ranar da aka rubuta mini ba za ta matso don igiya ba, ba za ta ja baya don an jefa ta a rijiya ba. Na ce shekara da shekaru ana kallona ana ganin mutum biyu, yanzu kowa so yake in zama kamar ni kaɗai aka haifa. Ba zan iya ba, kuma ba na so.

Ta ture faifan waken. Ta ɗauki igiyar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta miƙe ta tsakanin hannayenta biyu tana dubawa. Ta ce ashe 'yar wannan ce. Ta juya gem ɗin ɗaya, ta sa babban yatsa ta shafa ɗigon jan fentin da ya kusa gogewa. Ta daɗe a haka. Yaya yana tsaye a bakin soro, bai shigo ba.

Sannan ta turo mini su gabana, duka ukun.

"Tunda ka ƙi ji," ta ce, "ba a zaure ba. Nan za ka riƙa zama, inda nake ganinka."

Juma'ar da ta biyo na tsaya a wurin mai kanti na sayi batir na gem biyu. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, wajen da rana ke sauka bayan azahar, na haɗa igiyar, na ajiye mai jan fentin a gabana. Inna tana gefe da faifanta. Da kiɗan ya tashi ba ta ce in rage ba. Ta dai matsar da ƙafarta don igiyar ta samu wuri.