Jif Ɗina a Bakin Kwari

Jiya Kawu Bello, yayan innata, ya sa na tsai da mota a tsakiyar taɓo.

Jif ce da na saya don damina da ɗauko albasa daga Goronyo, kuma ina ji da ita. Na ɗauko Kawu daga Tursa za mu asibiti a Wurno, ƙafarsa ta kumbura. A bakin wani kwari muka iske mata da buhunan gero, ruwa ya hana su ƙetarewa. Na taka mai na wuce, har taɓo ya fantsamar musu.

"Tsaya in sauka," in ji Kawu.

"Mi ya faru, Kawu? Ƙafar ce?"

"Zamanin Nasara, in Joji, Baturen mulki, zai rangadi da damina, mu samarin gari aka tarawa nan wurin. Motatai irin wagga ta. Mu tura, in ta ƙiya mu sa kafaɗa. Tana hawa tudu sai ta yi gaba, mu koma gida taɓo har wuya. Bai taɓa waiwayowa ba. Wagga kujera ba ni iya zamanta."

Na yi ribas. Muka loda matan da geronsu. Kawu ya bar wa wata tsohuwa gidan gaba, ya koma baya cikin buhuna da kumburarriyar ƙafarsa.

Ku da Allah ya ba manyan motoci, yaushe rabonku da duba madubi a bakin kwari?